Yawan Cinyewar Haƙoran Farantin Sarƙa a Babur Mai Ƙafa Uku: Dalilai da Hanyoyin Magancewa

GABATARWA

Jigilar amfanin gona daga gona zuwa gida, da kuma daga gida zuwa kasuwa, tana daga cikin ayyukan da suka fi cin kuɗin ƙaramin manomi. Babur mai ƙafa uku ya fara yaɗuwa a Nijeriya ne a matsayin abin ɗaukar fasinja, da farko a Legas zamanin mulkin Buba Marwa tsakanin 1996 da 1999, daga baya kuma a sauran jihohi ta hanyar shirin yaƙi da talauci na NAPEP wanda aka kafa a 2001. Bayan haka ne irin mai bodin ɗaukar kaya ya shiga karkara, inda manoma da ƙungiyoyinsu suke amfani da shi wajen kwasar doya, rogo, shinkafa, masara, taki da ruwa.

Ɗaya daga cikin koke-koken masu wannan babur shi ne yawan cinyewar haƙoran ƙaramin farantin da ke jan sarƙa, wanda makanikai ke kira sifiroket na gaba. A kan sa sabo, amma bayan ƴan makonni sai haƙoran su lanƙwashe, sarƙa ta fara tsalle, a sake komawa kasuwa. Asarar ba ta tsaya ga kuɗin farantin ba. Babur da ya tsaya a hanya da kwandunan tumatir ranar kasuwa ya jawo asarar kayan, da kuɗin hayar wata mota, wani lokaci har da kuɗin biyan bashin da aka sayi babur ɗin da shi. Idan kuwa sarƙa ta tsinke ana cikin tafiya, tana iya fasa jikin inji ko ta naɗe ta tsayar da ƙafafun baya farat ɗaya.

Manufar wannan darasi ita ce a nuna cewa farantin da ke cinyewa a kai a kai alama ce ta wata cuta da ke wani wuri a jikin babur. Muddin ba a gano ta ba, duk sabon farantin da aka sa zai bi sahun na baya.

WANE IRIN BABUR AKE MAGANA A KAI?

Ba kowane babur mai ƙafa uku ne ke amfani da sarƙa ba. Yawancin kekunan fasinja irin na Bajaj da TVS, da kuma manyan masu ɗaukar kaya, sandar ƙarfe ce ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya. Wannan darasi bai shafe su ba. Ya shafi ƙananan masu ɗaukar kaya da suka zo da sarƙa daga kamfani, da kuma waɗanda masu walda suke haɗawa a gida, wato a yanke bayan babur mai ƙafa biyu a ƙera masa bodi da ƙafafu biyu. Matsalar ta fi tsanani a wannan kashi na biyu, domin sarƙa da farantan da aka ƙera don ɗaukar mutum biyu su ne ake ɗora wa nauyin buhuna.

YADDA SARƘA DA FARANTI SUKE AIKI

Faranti biyu ne sarƙa take zagayawa. Ƙarami yana jikin sandar da ta fito daga akwatin giya, shi ne mai ja. Babba yana jikin sandar ƙafafun baya, shi ake ja. Ita kuwa sarƙa gaɓa-gaɓa ce, kuma a kowace gaɓa akwai fil, da bushin da fil ɗin yake juyawa a ciki, da rola wadda take zama a tsakanin haƙoran faranti. Tazarar da ke tsakanin fil da fil daidai take da tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. Wannan daidaito shi ne tushen lafiyar faranti, domin shi ke sa nauyin ja ya rabu a kan haƙora da dama a lokaci guda.

Lambar da ke rubuce a jikin sarƙa tana nuna girmanta. Sarƙa mai lamba 420 da mai lamba 428 duka tazararsu milimita 12.7 ce, wato rabin inci, amma 428 ta fi faɗi kuma rolarta ta fi kauri. Mai lamba 520 da 530 kuwa tazararsu milimita 15.875 ce. Don haka dole lambar sarƙa da ta farantan biyu su zo ɗaya.

Dalilin da ya sa ƙaramin faranti yake riga babba cinyewa lissafi ne mai sauƙi. A ɗauka ƙarami yana da haƙora 14, babba yana da 42. Kafin babba ya juya sau ɗaya, ƙarami ya juya sau 3. Idan babban yana juyawa tare da ƙafar da kewayenta ya kai mita 1.6, to a kowace kilomita zai juya sau 625, ƙarami kuma sau 1,875. A tafiyar kilomita 20 ta zuwa kasuwa da dawowa, kowane haƙori na ƙaramin faranti zai ɗauki nauyi sau 37,500. Haka kuma sarƙa ta fi lanƙwasawa a kan ƙaramin faranti: kowace gaɓa tana karyawa da kusan digiri 26 a kan mai haƙora 14, alhali a kan mai haƙora 42 ba ta kai digiri 9 ba.

Saboda haka ba laifi ba ne ƙaramin faranti ya riga babba tsufa. Abin da ba daidai ba shi ne ya ƙare cikin ƴan makonni, ko kuma a canza shi sau uku ko huɗu a kan sarƙa ɗaya.

ABIN DA TSOHON FARANTI YAKE NUNAWA

Kada a jefar da farantin da aka cire kafin a duba shi. A wanke shi da kananzir, a riƙe shi cikin haske kusa da sabo. Yadda ya cinye yakan nuna inda cutar take.

1. Haƙora sun lanƙwasa gefe ɗaya kamar bakin lauje, sun yi tsini: sarƙar ta tsufa ta ƙara tsawo, ko kuma ana ɗora wa babur kayan da suka fi ƙarfinsa.

2. Fuska ɗaya ta haƙoran ta goge tana ƙyalli, ɗayar kuwa ba ta taɓu ba: farantan biyu ba sa kan layi ɗaya.

3. Haƙoran wani ɓangare sun cinye fiye da na ɗaya ɓangaren: farantin bai zauna a tsakiya ba, ko sandar ta lanƙwashe, ko boris ya lalace.

4. Tsagin da ke cikin ramin faranti ya cinye, ana ganin jan gari kamar tsatsa: farantin yana girgiza a kan sanda, ko an ɗaure sarƙa fiye da kima.

5. Kawunan haƙora sun baje kamar kan turken da aka yi ta duka: ƙarfen mai laushi ne, ba a gasa shi yadda ya kamata ba.

6. Haƙora sun gutsure ko sun karye: sarƙa tana tsalle a kansu saboda sako-sako, ko dutse ya shiga tsakani.

Sau da yawa a kan ga alamomi biyu ko uku a faranti ɗaya. A irin wannan hali sai a bi kowace alama zuwa tushenta.

DALILI NA FARKO: SABON FARANTI A KAN TSOHUWAR SARƘA

Wannan shi ne babban dalilin da ke sa matsalar ta yi ta dawowa, don haka ya kamata malamin gona ya fahimce shi sosai. Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, amma ba ƙarfen ne ya miƙe kamar roba ba. Fil da bushi ne suke cin juna a kowace gaɓa, sai ɗan gibi ya samu. Gibin gaɓa ɗaya bai kai a gan shi da ido ba, amma idan aka tara na gaɓoɓi 100 sai sarƙar ta ƙara tsawo da santimita biyu ko fiye.

Da zarar tazarar sarƙa ta wuce ta haƙora, rola ba za ta ƙara zama a gindin haƙori ba, sai ta hau can sama kusa da kansa inda ya fi siranta. Nauyin da haƙora biyar ko shida suke rabawa a da sai ya koma kan ɗaya ko biyu. Ta haka tsohuwar sarƙa take sassaƙe sabon faranti har sai ya dace da tsufanta. Haka ma tsohon faranti yake yi wa sabuwar sarƙa.

Hanyar aunawa ita ce kamar haka. A ja sarƙar ta miƙe sosai, a auna daga tsakiyar fil na 1 zuwa tsakiyar fil na 21, wato gaɓa 20. Sabuwar sarƙa mai lamba 420 ko 428 za ta ba da milimita 254. Idan ta kai 259, ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, kuma lokacin canza ta ya yi. Sabuwar 520 ko 530 za ta ba da milimita 317.5, kuma a canza ta idan ta kai 323. A auna a wurare uku dabam-dabam, domin sarƙa ba ta cinyewa bai ɗaya. Inda littafin babur ya ba da wani adadi, a bi nasa.

Inda babu ma'auni, a kama sarƙar a bayan babban faranti a ja ta waje da yatsu. Sarƙa mai lafiya da ƙyar za ta ɗaga. Idan ta ɗaga har ana ganin rabin haƙori, ta gama aiki.

Akwai al'adar cire gaɓa biyu daga tsohuwar sarƙa idan abin ɗaure ta ya kai ƙarshe. Wannan yana rage tsawon sarƙar gaba ɗaya, amma gibin da ke cikin kowace gaɓa yana nan yadda yake. Sarƙar za ta yi kamar ta ɗauru, alhali tana ci gaba da cin faranti.

DALILI NA BIYU: RASHIN ZAMA KAN LAYI ƊAYA

A babur mai ƙafa biyu, ƙafar baya ɗaya ce ake saitawa. A mai ƙafa uku kuwa babban faranti yana jikin doguwar sanda wadda take zaune a kan sifirin biyu, saboda haka wuraren da saiti zai iya gocewa sun fi yawa. Idan ƙarfen da ya ɗaure sandar a kan sifirin ya kwance a gefe ɗaya, ko ƙusar tsakiyar sifirin ta karye, sandar za ta karkace. Haka nan idan notocin da suka riƙe inji sun yi sako-sako, ko firam ya lanƙwashe saboda jibga kaya a gefe ɗaya, ko kuma tun farko mai walda bai zaunar da babban faranti daidai da ƙaramin ba.

Don a gwada, a tsayar da babur a wuri mai baje, a cire murfin sarƙa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban faranti, ko a ja zare daga gare shi zuwa ƙaramin. Ya kamata ƙarfen ko zaren ya kwanta a fuskar farantan biyu ba tare da gibi ba. Bayan haka a auna daga wuri ɗaya a tsakiyar gaban firam zuwa ƙarshen sandar baya ta dama, a sake aunawa zuwa ta hagu. Idan awon biyu ya bambanta, sandar ta karkace. Wata alamar kuma ita ce babur ya riƙa ja gefe ɗaya, ko tayoyin baya su riƙa cinyewa ta gefe.

DALILI NA UKU: ƊAURIN SARƘA

Direbobi da dama suna ɗaure sarƙa tamau don gudun kada ta faɗi. Wannan kuskure ne mai tsada. Sarƙar da ba ta da sarari tana jan sandar giya a kowane lokaci, ta cinye tsagin faranti, ta kashe boris, ta kuma sa mai ya fara zuba ta bayan farantin. Gyaran sandar giya kuwa sai an buɗe inji.

A yawancin ƙananan babura, tsakiyar sarƙa tana bukatar sararin motsi sama da ƙasa na milimita 20 zuwa 30, wato kimanin faɗin yatsa ɗaya da rabi. Doguwar sarƙa tana bukatar fiye da haka. A tura babur gaba kaɗan-kaɗan ana taɓa sarƙar har a sami wurin da ta fi tauri, a nan ake aunawa.

Abin lura a babur mai ƙafa uku shi ne, idan aka yi lodi sifirin yakan kwanta, nisan da ke tsakanin farantan biyu ya canza. Sarƙar da ta yi daidai babu kaya tana iya yin tamau a ƙarƙashin buhuna. Saboda haka bayan an saita, a yi lodin da aka saba ɗauka a sake taɓawa. Dole ta kasance da sauran sarari ko da kaya a kai.

DALILI NA HUƊU: LODI DA YANAYIN TUƘI

Kowane babur yana da iyakar nauyin da kamfani ya rubuta a littafinsa ko a jikinsa. Manomi yana iya lissafa lodinsa cikin sauƙi: buhun taki kilo 50 ne, babban buhun masara kimanin kilo 100, jarkar ruwa mai lita 25 kuma ta ɗan haura kilo 25. Babur da aka ƙayyade masa kilo 300, idan aka ɗora masa buhun masara 5 da mutum biyu a kai, ya ɗauki ninki biyu na ƙarfinsa. Duk wannan nauyi ta kan haƙoran ƙaramin faranti yake bi.

Tuƙi ma yana da nasa rabo. Sakin kuloci da ƙarfi, tashi da giya ta biyu, barin babur a babbar giya yana fizga a kan hawa, da kuma yi wa inji wuta ana sakin kuloci idan ƙafa ta kafe a laka, duk suna dukan haƙora kamar guduma. Idan babur ya kafe a fadama, a sauke rabin kayan a tura shi. Sahu biyu da lodi daidai sun fi sahu ɗaya da zai ƙare a wurin makanike.

Wasu kan rage haƙoran ƙaramin faranti daga 14 zuwa 13 ko 12 don babur ya ƙara ƙarfin ja. Ƙarfin yakan ƙaru, amma haƙoran da ke raba nauyi sun ragu, kuma lanƙwasar gaɓa ta tashi zuwa digiri 30 a kan mai haƙora 12. Wanda yake son ƙarin ƙarfin ja gara ya ƙara haƙoran babban faranti, ya sa sarƙar da tsawonta ya dace.

DALILI NA BIYAR: YASHI, TAKI DA RASHIN MAI

Ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarafa tauri. Idan ta haɗu da mai ko giris a jikin sarƙa sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin fil da haƙora a kowane juyi. Da rani ƙurar hunturu ce ke kawo ta, da damina kuma laka, wadda bayan yashi take wanke mai ta bar tsatsa. Takin zamani, musamman yuriya, idan ya zubo daga bodi ya jiƙa a kan sarƙa yana hanzarta tsatsa ƙwarai. Don haka a shimfiɗa leda ko buhu a bodi kafin a ɗauki taki, a kuma share bayan an sauke.

Murfin sarƙa shi ne kariya mafi araha. Bai kamata a cire shi a ajiye don yana ƙara ba; a gyara shi a mayar. Inda babur bai zo da shi ba, mai walda yana iya ƙera shi da falle.

A wanke sarƙa da kananzir da tsohon burushi, a goge da tsumma, a bar ta ta bushe. Kada a yi amfani da fetur, domin yana kama wuta kuma yana lalata ƙananan robobin da ke cikin wasu sarƙoƙi. Man da ya fi dacewa shi ne man giya mai lamba 80 ko 90. A ɗiga shi ta cikin sarƙa, wato fuskar da ke taɓa haƙora, ana juya ƙafa a hankali, sannan a goge wanda ya yi yawa. An fi so a sa shi da yamma bayan an dawo aiki, sarƙa da ɗuminta, don ya kwana yana shiga. Giris ba ya shiga cikin gaɓa, a waje yake tsayawa yana tara yashi. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa yana ɗauke da garin ƙarfe da datti. Ya fi barin sarƙa a bushe, amma kada a mai da shi abin yau da kullum.

DALILI NA SHIDA: INGANCIN KAYAN GYARA

Ƙaramin faranti na ƙwarai gasasshen ƙarfe ne mai tauri. Mai saye yana iya gwadawa da magagari: a goga shi a hankali a gefen haƙori ɗaya. Idan ya zame bai ci ba, ƙarfen yana da tauri. Idan ya kama ya fitar da gari cikin sauƙi, ƙarfen mai laushi ne. A kuma duba ko ramin yana tsakiya, ko tsaginsa ya shiga sanda ba tare da kaɗawa ba, ko kaurin farantin ya yi daidai da wanda ya zo da babur. A tafi kasuwa da tsohon farantin don kwatantawa. Araha ba ta ado: faranti mai rabin kuɗi da za a canza sau huɗu a shekara ya ninka mai kyau tsada, tun ba a lissafa kuɗin aiki da ranakun zama ba.

Kada a yarda a yi wa faranti walda a jikin sandar giya don tsagi ya cinye. Zafin walda yana lalata abin da ke tare mai a bayansa, kuma ranar da haƙora suka ƙare ba za a iya cire farantin ba sai an lalata sandar.

MATAKAN CANJI

1. A kashe inji, a cire makulli, a tare ƙafafu da dutse. Kada a taɓa sarƙa inji yana aiki, domin tana iya jan yatsu cikin faranti ta guntule su.

2. A duba tsohon faranti, a auna sarƙa, a gano dalilin cinyewar.

3. A gyara dalilin tukuna: saitin sandar baya, notocin inji, boris da sifirin.

4. Idan sarƙa ta kai iyakar awo, a canza ta tare da farantan biyu a rana ɗaya. Ana iya canza ƙaramin faranti shi kaɗai ne kawai idan awo ya nuna sarƙar ba ta yi nisa ba, babban faranti kuma haƙoransa lafiya.

5. A wanke tsagin sanda, a shafa ɗan giris, a mayar da abin da ke kulle faranti yadda yake. Idan ya lanƙwashe ko ya cinye, a sa sabo.

6. A sa kilif ɗin mahaɗin sarƙa rufaffen bakinsa yana fuskantar inda sarƙa take tafiya.

7. A saita sararin sarƙa, a gwada da lodi, a sa mai, a mayar da murfi.

8. A sake duba ɗaurin bayan kwana biyu ko uku na aiki, domin sabuwar sarƙa takan saki kaɗan da farko.

JADAWALIN KULAWA

Kullum da safe: a taɓa sarƙa a ji sararinta, a duba kilif, a saurari baƙon ƙara.

Kowane mako, ko bayan kilomita 500, ko bayan an shiga ruwa da laka: a wanke a sa mai.

Kowane wata: a buɗe murfi a duba haƙoran ƙaramin faranti, a auna gaɓa 20, a ɗaure notocin inji da na sifirin.

Wata ɗaya kafin girbi: a yi cikakken bincike har da gwajin zare, a kuma ajiye mahaɗin sarƙa ɗaya a akwatin kayan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

SHAWARA GA MALAMAN GONA

Wannan darasi ya fi shiga idan an nuna shi da hannu. Malamin gona ya nemi tsofaffin faranta daga wurin makanikan gari, ya jera su a kan tabarma tare da sabo guda, ya bar manoma su faɗi abin da ya cinye kowanne. Ya kuma shimfiɗa tsohuwar sarƙa da sabuwa gefe da gefe, fil na farko daidai da fil na farko, don kowa ya ga yadda suke rabuwa kafin a kai gaɓa ta 40. Yana da kyau a gayyaci makanike da mai walda na yankin, domin su ne za su yi aikin bayan taro ya watse.

Inda babur na ƙungiya ne, a ba shi direba ɗaya da zai ɗauki alhakinsa, a rubuta iyakar lodi da fenti a jikin bodi da adadin buhuna, a kuma buɗe ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar kowane canji, abin da aka canza, lambar sarƙa, inda aka saya da kuɗin da aka kashe. Bayan shekara ɗaya littafin zai nuna wa ƙungiya irin kayan da ke daɗewa da kuma lokacin da matsalar ta fi tasowa. A ware wani kaso daga kuɗin kowane sahu don sayen sarƙa da farantan biyu a tare, domin rashin kuɗi a hannu ne yakan sa a sayi faranti ɗaya a ɗora a kan tsohuwar sarƙa.

Idan bayan duk waɗannan gyare-gyare faranti bai daina cinyewa ba, aikin ne ya fi ƙarfin babur ɗin. Sai ƙungiya ta rage lodi, ko ta tuntuɓi ƙwararren makanike kan komawa sarƙa mai lamba mafi girma tare da farantanta, ko kuma ta yi shirin sayen babur marar sarƙa idan lokacin sabuntawa ya zo.

KAMMALAWA

Sarƙa da farantan biyu tare suke tsufa, don haka tare ake auna su, tare kuma ake canza su. Manomin da ya riƙe rula, zare, kananzir da kwalbar man giya, ya kuma tsaya a kan lodin da aka ƙayyade, zai rage zuwa kasuwar kayan gyara, kuma babur ɗinsa zai kasance a kan hanya lokacin girbi. Don ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.

TAMBAYOYI DOMIN NAZARI

1. Me ya sa ƙaramin faranti yake riga babba cinyewa?

2. An auna gaɓa 20 na sarƙa mai lamba 428 an sami milimita 260. Wace shawara za a ba mai babur?

3. Fuska ɗaya ta haƙoran faranti ta goge tana ƙyalli. Waɗanne wurare uku za a duba a jikin babur?

4. Me ya sa cire gaɓa biyu daga tsohuwar sarƙa ba ya magance matsalar?

5. An ƙayyade wa babur kilo 300. Buhun taki nawa zai ɗauka a sahu ɗaya?